Ƙwan LED Bai San Ƙoshi Ba

Na tsufa a kan teburin gyaran rediyo, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar in ga yaro ya haɗa ƙwan LED da batir kai tsaye. Ƙwan ya yi haske tar, yaro ya yi murna, kafin la'asar ƙwan ya mutu, sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Alhali ƙwan ba shi da laifi.

Ƙwan da muka saba da shi a da, mai zare a ciki, in ya yi zafi da kansa yake rage cin wuta. LED kuwa yana ɗumama yana ƙara ci, kamar akuyar da ta samu buhun dawa a buɗe. Aikin resista ke nan, ta auna masa abin da zai iya.

Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. Tun 1827 Bajamushen nan Georg Ohm ya shimfiɗa ƙa'idarsa. Jan ƙwai yana riƙe wajen bolt 2, fari da shuɗi wajen 3, kuma ƙananan nan ba a so a wuce musu miliamfiya 20. To, batirinka mai 12 ne, ƙwanka ja. Cire 2, saura 10, raba da 0.02, wato miliamfiya 20 ɗin nan, ka samu om 500. Nan yarana suke ɗaukar 470, mai zoben rawaya, don ita ce kusa da hannu. Nakan ce musu su hau sama, kada su sauka. Batirin mota sunansa ne 12. Injin na tashi, ɗora mita ka gani, ya haura 14. Don haka 680 nake sawa, mai zoben shuɗi, toka da ruwan ƙasa, kuma mai rabin wat, domin ƙaramar mai kwata takan ɗau zafi har yatsa ya ji. In ƙwan alama ne kawai, om 1000 ma ta isa, ido ba zai ga wata tawaya ba.

Sai masu rowa, da za su jera ƙwai biyar kafaɗa da kafaɗa a kan resista ɗaya. Ko daga leda ɗaya ƙwan suka fito, ba sa cin wuta daidai. Ɗaya zai kwashe kaso mafi tsoka ya ƙone, rabonsa ya koma kan sauran, su bi shi ɗaya bayan ɗaya. A shagona, kowane ƙwai da tasa resistar.