Ciwon Zuciya Da Mutuwar Fuju'a A Dei-Dei

Akwai wata magana da kunnena ya saba da ita a wuraren zaman makoki a nan Dei-Dei, watau "Lafiya ƙalau muka rabu da shi jiya." Ajali dai ba ya wuce ranarsa, wannan kowane mai imani ya sani. Amma aikin jarida ya haɗa ni da likitoci, kuma abin da na koya daga gare su shi ne, galibin irin wannan mutuwa ta daɗe tana yin sallama, ba a amsa mata ba ne kurum.

Zuciya tsoka ce wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba, tana kuwa bugawa kamar sau 100,000 kullum. Ita ma tana bukatar abinci, wanda ke iso mata ta manyan jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu. Duk wanda ya taɓa sayen bututun famfo a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya san yadda datti ke taruwa a cikin tsohon bututu har ruwa ya rage gudu. To, haka kitse ke liƙewa a bangon waɗannan jijiyoyi shekara da shekaru. Idan hanya ta ƙuntata, sai ƙirji ya riƙa ɗaurewa in an yi aikin ƙarfi, ya saki in an huta. Ranar da gudan jini ya toshe ta ɗungum, sai wani sashe na zuciyar ya fara mutuwa.

Ina da maƙwabci mai sayar da katako, magidanci mai 'ya'ya bakwai. Wata uku yana kukan nauyin ƙirji da zafi mai gangarowa hannun hagu, abokan ciniki na ce masa olsa ce, wasu na cewa sammu ne. Da matarsa ta matsa aka kai shi asibiti, sai aka tarar jininsa ya hau ƙwarai, ga kuma ciwon suga. Yau yana rumfarsa, yana shan magani kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9. A ƙasarmu hawan jini shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya, har ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi. Mata kuma suna da nasu. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a Zariya kan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta yawansa da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon wuta.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A riƙa awon jini, domin in ya tsaya a 140/90 ko sama, hawan jini ne ko da ba a jin ciwon kai. Gishirin yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya, a kuma tuna dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne. A rage kitsen tsire da balangu, duk da kara na kusa da mu. A bar sigari. A yi tafiyar ƙasa da sauri minti 150 a mako. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

In kuwa ƙirji ya ɗaure tare da gumi da haki, ya ƙi saki bayan 'yan mintuna, kada a tsaya jiƙa sassaƙe ko jiran gari ya waye. Babban Asibitin Kubwa ba nisa, ga Asibitin Ƙasa a cikin birni, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Kowane minti da aka ɓata, tsokar zuciya ce ke lalacewa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Allah Ya ba mu lafiya da ikon kula da ita, amin.