Godiya Ga Hannuwan Da Suka Daɓe Mana Tsakar Gida

 

Damina biyu ke nan ta ratsa sabon daɓen tsakar gidanmu a nan Kebbe, ko tsaga ɗaya bai yi ba. Da gangan na jinkirta wannan godiya har ruwan Agusta ya gwada aikin sau biyu, kada a ce ɗokin sabon abu ne ya sa ni magana. Yanzu ruwa ya ba da shaida, saura ni in sauke nauyi, tun da yaba kyauta tukuici.

Wanda bai san gidan a da ba, ba zai gane girman abin ba. Tsakanin madafa da rijiya akwai ɗan lambun da Inna ta kafa: zogale, lemun tsami, gwaiba guda, ga rama da yakuwa a gefe. Da sama ta zubo, ruwan indararo da na wurin wanke-wanke sai su haɗu su kwanta, wurin ya koma caɓi. Ranar da santsi ya kwashe Inna da tulu a ka, ta yi mako uku tana jinyar ƙugu, na ce lallai sai na gyara. Garaje ya sa na kira mai arha, ya shafa siminti kaurin yatsa biyu a kan ƙasar da ko fartanya ba ta taɓa ba. Damina ba ta ƙare ba ya dare kamar busasshen tabki. Ban ga laifin kowa ba. Ni na nemi arha, arha kuwa ba ta ado.

Godiyata ta farko ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo daga Kuchi duba Inna. Ta zura sandarta cikin tsagar, ta ɓanɓaro ɓallin siminti, ta dube ni.

"Ɗana, siminti riga ce. In babu jiki, mi riga za ta rufe? Mu da munka tashi ba mu san buhu ba, amma ɗakin da munka daɓe wa uwarka tana amarya, har yau kaza ba ta tone shi ba."

Na ce, "Gwaggo, ai zamani ya sake."

Ta ce, "Zamani ya sake, ƙasa ba ta sake ba. Nemo mini marmara da makuba, sauran ka bar mini."

Da kaka ta wuce aka gama sussuka, ta dawo da alkawarinta. Ta sa aka jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane har ruwan ya rine ya yi ja-ja-baƙi. Wannan ita ce makuba, wadda kakanninmu ke yayyafa wa daɓe da katanga don su ƙanƙame, ruwa ya riƙa zamewa. Ta aika gida-gida, mata suka fito kowace da madaɓinta, suka jeru a durƙushe, sai ka ji dukan yana sauka tare kamar hannu ɗaya, waƙa na riƙe da shi. A shimfiɗa jar marmara, a yayyafa ruwa, a buga har madaɓi ya fara tsalle. Sannan a ƙara wani shimfiɗin. Yini uku suna wannan. Iyayena mata, na ga kantar da ta fito a tafukanku. Na kawo kuɗi, Gwaggo ta ce in mayar aljihu. Goro da sabulu kawai kuka karɓa. Allah Ya saka muku da gidan Aljanna.

Godiya ta biyu ga maginin unguwarmu, dattijon da bai raina aikin mata ba, bai kuma bar su su kaɗai ba. Kafin a zuba ko kwano ɗaya, shi ya sa aka kwashe baƙar ƙasar sama har zurfin inci 8, domin ita ce ke kumbura da damina ta tsuke da rani, ta karya duk abin da aka ɗora mata. Ya cika siririn tiyo da ruwa ya auna gangare, santimita 2 a kowace mita, daga bakin ɗakuna zuwa rariya. Na ce masa idona bai ga wani gangare ba. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ruwa baƙo ne. In ka nuna masa ƙofa ya wuce. In ba ka nuna ba, a gidanka zai kwana."

A kan daɓen matan ya zuba kankare mai kaurin inci 4. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon yashi 4, na tsakuwa 8, bai yarda a ƙara yashi don buhu ya yi auki ba. Duk ƙafa 8 zuwa 10 ya yanka layi, ya ce a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kankare sai ya motsa, gara a zaɓa masa inda zai tsage. Ya bar wa lemun da gwaibar da'irar ƙasa a gindinsu don saiwa ta sha ruwa. Ƙarƙashin rumfa kuwa, inda ruwa ba ya duka, ya ce a bar daɓen makuba tsuransa, don siminti na riƙe zafi har dare, ƙasa kuwa sanyi gare ta. Baba, ilminka ya fi ladan da ka karɓa.

Na gode wa Kawu, wanda ya tsaya mini a kan siminti. Na Kalambaina ne, masana'antar nan ta Sakkwato da ta fara aiki a 1967, wadda yanzu ke hannun BUA. Shi ya saye shi a Tambuwal, ya matsa kowane buhu da hannu don kada a haɗa mu da wanda ya sha danshi ya daskare, ya kuma jira ni kuɗin har na sayar da wake.

Na gode wa samarin unguwa da suka amsa gayya, suka yi ta jigilar marmara da yashi a amalanken shanu, ladansu fura da nono. Na gode wa maƙwabcinmu da ya buɗe mana rijiyarsa lokacin da tamu ta ja baya. Iskar hunturu na shanye ruwan sabon kankare kafin ya nuna, don haka kwana 7 'ya'yansa na jiƙa tsofaffin buhunan da aka lulluɓe wurin da su, safe da maraice. Na gode wa maiɗakina, wadda ta ciyar da wannan taro duka, ta kuma tsare wurin daga jaki da turmi har kwana 28 suka cika, kamar yadda magini ya gindaya.

Yau Inna na zuwa rijiya da ƙafarta ko ana ruwa. A kan kankaren ake shanyar kuɓewa da barkono. Da azahar kuwa ƙarƙashin rumfa kowa ke gudu, kan daɓen Gwaggo. Baƙo in ya shigo, simintin yake yabawa. Ni kuwa da na ga wanda ya dare da wanda ya zauna, na san siminti iri ɗaya ne; bambancin na ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, inda hannuwanku suka sauka.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Wanda ba Ya mantuwa Ya gani. Allah Ya bar zumunci, Ya daidaita muku lamurranku kamar yadda kuka daidaita mana tsakar gida. Amin.