Yini Ɗaya A Miwa, Da Kalmar Da Ta Gagare Ni

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Tun ina aji ɗaya na haddace wannan karin magana saboda jarrabawa, amma sai a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024 ta yi aiki a kaina. Yayana da ke sana'ar kayan gyaran mota a birnin Osaka na ƙasar Japan ne ya aiko mini da kuɗin jirgi, na je na yi mako uku a wurinsa. Kafin in tashi na je yi wa malaminmu na fassara sallama, sai ya ce, "To, ga aiki. Ka nemi ɗan littafi, duk abin da idonka ya gani ka rubuta shi da Hausa, kada ka sa Turanci ko kalma ɗaya." Na ce, "An gama, Malam." Ashe ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Ya kamata mai karatu ya sani ni ba Bahaushe ba ne. Ibo ne ni, daga yankin Idemili a Jihar Anambra, kuma a jami'a na fara koyon Hausa gadan-gadan. Saboda haka in an ga Hausata tana ƙamshin littafi, a yi mini uzuri.

Da yayana ya ga zaman gida ya ishe ni, sai ya biya mini kuɗin wani yawon buɗe ido na yini ɗaya zuwa Miwa, wani ɗan gari a lardin Nara. Mu tara ne, har da wani miji da matarsa Musulmi daga Maleshiya. Jagorarmu wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya kamar an biyo ta. Mun shiga jirgin ƙasa zuwa Sakurai, daga nan muka sake wani, tasha ɗaya sai ga mu a Miwa.

Abin da ya fara tare mana ido shi ne wata gabjejiyar ƙofa ta ƙarfe, tsawonta ya kai mita 32, wadda aka kafa a 1986. Japanawa na kiran irinta "torii". Na ciro littafina na rubuta: ƙofa marar ƙyaure, marar katanga. Na ji daɗin kaina. Na ce ashe aikin Malam ba wuya.

Daga nan muka bi wata hanya mai tsakuwa a tsakanin dogayen itatuwan da suke kira "sugi", masu kama da abin da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira itacen al'ul. A bakin matakala akwai wurin ruwa inda kowa ke wanke hannu ya kurkure baki kafin ya hau. Da muka hau sai ga wani babban zaure na katako, wanda jagorar ta ce an gina shi a 1664 bisa umarnin mai mulkin soja na lokacin, Tokugawa Ietsuna. Sunan wurin Omiwa, kuma yana cikin wuraren bauta mafiya daɗewa a addinin Shinto. Abin mamaki shi ne, a bayan zauren babu wani ɗaki da aka ajiye abin bauta, kamar yadda ake yi a sauran wurare. Dutsen Miwa ne kawai a tsaye, mai tsawon mita 467, lulluɓe da itatuwa, kuma shi kansa dutsen ake fuskanta. Mai son hawansa sai ya nemi izini, kuma in ya hau ba ɗaukar hoto, ba cin abinci. Mu dai ba mu hau ba.

Mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su jefa kwabo a akwati, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Ni da mutanen Maleshiya muka ja gefe muka tsaya. Ba wanda ya harare mu. Na sake ciro littafina don in rubuta sunan irin wannan wuri, wanda su suke kira "jinja". Hannuna bai yi wata-wata ba ya rubuta: gidan tsafi.

Can gefen filin akwai wani tsohon itacen sugi da aka kewaye, an yi masa 'yar rumfa a gaba. A kan rumfar na ga ƙwai jere da ƙananan kwalabe na giya. Na tambaya, sai jagorar ta ce ai na macijin ne. Mutanen wurin sun yi imani cewa abin bautarsu, Omononushi, yakan bayyana a siffar farin maciji, kuma a kogon wannan itace yake zama. Gabana ya faɗi. A garinmu mesa ba abar kashewa ba ce. In ta shigo ɗaki sai a ɗauke ta da sanda a fitar da ita cikin girmamawa, wanda ya kashe ta kuwa, a al'adance, sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum. Na yi tafiyar dubban kilomita, sai ga ni tsaye a gaban abin da nake ɓoye wa abokaina na makaranta.

A nan ne jagorar ta ba mu labarin da ke cikin Kojiki, littafin da aka kammala a shekara ta 712. Wai an yi wata kyakkyawar budurwa mai suna Ikutamayori-hime, wadda wani saurayi ke zuwa wurinta da tsakar dare, ya ɓace kafin gari ya waye. Ba a jima ba sai ga ciki. Iyayenta suka tsare ta da tambaya, ta ce ita ko sunansa ba ta sani ba. Sai suka ce ta barbaɗa jar ƙasa a gaban shimfiɗarta, ta zura zare a allura, in ya zo ta soka a gefen rigarsa. Da safe aka ga zaren ya fita ta kafar makullin ƙofa. Aka yi ta bin sa har wurin bautar da ke kan dutsen, nan aka gane ko wane ne baƙon. Abin da ya rage na zaren a gida naɗi uku ne kawai, shi ya sa ake kiran wurin Miwa, wato "naɗi uku".

Ina jin haka sai Daura ta faɗo mini a rai. A darasin adabin baka mun karanta yadda macijiya ta tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kanta ya auri sarauniya. Can ma ga maciji, ga baƙon dare, ga aure, ga zuriya. Amma a Daura sai da aka kashe macijiyar labari ya yi gaba, a Miwa kuwa macijin ne angon, har yau ana kai masa ƙwai. Na ba jagorar labarin a taƙaice. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kaico, da sun ba ta ƙwai." Duk muka yi dariya. Ko rijiya ma akwai: a wani ƙaramin wurin bauta mai suna Sai, can sama kaɗan, mutane na layi da robobi suna ɗiban ruwan da suka ɗauka magani ne.

Da rana muka ci somen, wata taliya siririya kamar zare wadda garin ya yi suna a kanta. Ta yi daɗi, sai dai ba ta riƙe cikin ɗan Nijeriya.

Bayan abinci sai batun giyarsu ta shinkafa, wato "sake". Tun a zauren bauta jagorar ta nuna mana wata ƙatuwar ƙwallo ta ganyen sugi a rataye, faɗinta ya fi mita ɗaya, koriya shar domin ba a daɗe da sauya ta ba. Kowace shekara ranar 14 ga Nuwamba masu yin giya daga sassan ƙasar sukan taru a nan su roƙi sa'ar aikin bana, kuma daga nan ake raba musu ƙananan ƙwallaye su rataya a ƙofar gidajen aikinsu. In ƙwallon kore ce, sabuwar giya ta fito. In ta koma ruwan ƙasa, giyar ta nuna. Allon sanarwa ke nan ba tare da rubutu ba.

An kai mu shagon wani gidan yin giya da aka kafa tun 1660, inda wani matashi ya yi mana bayanin aikin. Da farko ana surfe shinkafar da inji har sai kusan zuciyarta ta rage. A giya mafi daraja sai an zubar da aƙalla rabin ƙwayar. Sai a turara ta. To, a nan ne suka bambanta da masu burkutu. Mai burkutu takan jiƙa dawa ta yi tsiro, tsiron ne ke fito da zaƙin da zai zama giya. Surfaffiyar shinkafa kuwa ba ta tsiro, don haka sai a barbaɗa mata wata irin fumfuna da suke kira "koji", a ajiye a ɗaki mai ɗumi kamar kwana biyu. Ita ke mayar da shinkafar zaƙi, yis kuma ya mayar da zaƙin barasa, duka a cikin tukunya ɗaya, na tsawon makonni. Ƙarfinta yakan kai kashi 15 ko 16 cikin ɗari. Ya ce a lokacin aiki ba a yarda ma'aikaci ya ci "natto" ba, wani waken suya da ake ruɓarwa, don kada ƙwayar halittarsa ta ɓata koji. Irin ƙwayar da ke yin daddawa ce, kuma wanda ya sunsuni natto ba zai yi musu ba. Na dawo gida ke nan, a watan Disamba na 2024, na ji hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Aka jera 'yan kofuna kamar na wasan yara. Mutanen Maleshiya suka ce ba sa sha, nan take aka kawo musu shayi. Ni ma a cocinmu ba a sha, kuma niyyata in ce haka. Amma na ɗauki kofin don in sunsuna, in sami abin rubutawa. Ƙamshin da ya bugi hancina na sabon bammi ne, wanda aka sauko da shi da sassafe.

Kakana mai hawan kwakwa ne, bammi ne sana'arsa. Kowace safiya yakan zauna a gaban wata 'yar kusurwa a bayan ɗakinsa, ya fasa goro, ya tsiyaya bammi a ƙasa yana kiran sunayen iyayensa. Ina ɗan shekara 12 ya miƙo mini ƙoƙon ya ce in riƙe masa. Na ɗaga hannu sama na ce ni ba na taɓa kayan Shaiɗan. Bai ce komai ba, ya ajiye ƙoƙon a ƙasa da kansa. Bai sake kira na wurin ba har ya rasu, kuma da ya rasu aka share kusurwar aka zuba siminti. Ban taɓa tambayar sunayen da yake kira ba. Ina tsaye a shagon nan na Miwa, kofi a hannu, ban san lokacin da idona ya cika ba. Na mayar da kofin ban sha ba. Matashin ya zaci ƙamshin ne ya yi mini ƙarfi, har yana ba ni haƙuri.

A jirgin komawa jagorar ta zauna kusa da ni, ta ce in karanta mata abin da nake ta rubutawa, tana so ta ji amon harshen. Na karanta. Ƙofa marar ƙyaure ta burge ta ƙwarai. Sai ta ce, "To, jinja fa, me ka kira shi?" Na duba littafin, ga "gidan tsafi" ɓaro-ɓaro. Ta ce, "Me yake nufi?" Na san abin da mai jin Hausa zai hango in ya ji wannan kalma: duhu, jini, boka, mugun nufi. Ga kuma matar da ta yini tana nuna mana inda ta ce iyayenta sun kawo ta tana jaririya. Na ce mata yana nufin wurin addu'a. Ta rusuna ta yi godiya, ni kuwa kunya ta rufe ni, domin na san ƙarya na yi mata.

Da daddare na soke kalmar. Na gwada "wurin bauta", na ga ya yi faɗi, coci ma wurin bauta ne. Na gwada "ɗakin gunki", alhali babu gunki, dutse ne da itatuwa. Haka "kami", sunan da suke ba abin da suke bauta wa, ya tsaya mini a wuya. In na ce "iska" na shiga bori, in na ce "aljani" na kawo wata fahimta dabam, sunan Allah kuwa ba zan kai shi nan ba.

Da na kai wa Malam littafin, ya karanta har ya iso inda na soke. Ya ce, "Me ya faru a nan?" Na ba shi labarin duka, har da na kakana. Ya jima yana kallon shafin, sannan ya ce, "Ba yau masu fassara suka fara tuntuɓe a nan ba. Ka bar 'jinja' yadda take, ka yi bayani a gaba. Amma ku a harshenku, me kuke kiran kusurwar kakan naka?" Na ce ban sani ba. Ya miƙo mini littafin ya ce, "To, wannan shi ne aikinka na hutu."

A hutun Kirsimeti na tambayi babana. Ya dube ni kamar ba zai amsa ba, ya ce ina ruwan mai karatun Hausa da wannan. Daga baya, da dare ya yi, ya kira ni bayan ɗakin, ya nuna mini inda simintin ya tsage. Sunaye huɗu ya iya tunawa cikin waɗanda kakana ke kira, na rubuta su a shafin ƙarshe na littafin, a ƙarƙashin Omononushi.