Yabon Kai da Neman Abinci

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce mun je gida Maiha, kamar yadda muka saba, da niyyar mu huta da duba takardun jarrabawa, mu kuma gaisa da dangi. Kwana biyu da saukarmu, bayan sallar la'asar, sai 'yar ƙanwarmu ta zo ta durƙusa a bakin tabarma, ta gaishe mu, ta yi shiru irin na mai magana a baki. Yarinyar ta gama digirinta a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, ta yi bautar ƙasa, ga shi shekara ta biyu ke nan tana zaune a gida. Da muka matsa mata sai ta ce, "Kawu, wata kafar watsa labarai ce ke neman masu rubutu da fassara da Hausa. Na aika da takarduna, sai suka ce ba shaidar digiri suke son gani ba, in nuna musu abin da na taɓa rubutawa, wai in turo musu adireshin inda yake a intanet."

Muka ce, "To, 'yar nan, ai ke marubuciya ce, mene ne abin damuwa?"

Ashe da abin damuwa. Ta shekara biyar tana rubuta labarai, amma duk a warwatse suke cikin zaurukan WhatsApp, shafi-shafi, kuma da sunan aro. Wasu sun tafi tare da wayar da ta lalace. Wani labarin nata ma ta tsince shi ana karantawa a YouTube da sunan wata daban. Littattafan rubutun da ta fara cikawa tun tana ƙaramar sakandare kuwa, waɗannan ba a maganarsu. Mai karatu zai tuna cewa a ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014 garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, kuma kafin tsakiyar Nuwamba masifar ta iso Maiha. Mutanen gidanmu da ƙafa suka tsallaka cikin Kamaru, daga can aka zagayo da su Yola. Wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar adaka. Da aka dawo, abin da gara ta rage ruwan sama ya ƙarasa. Saboda haka yarinyar da ta rubuta abin da ya fi shafi dubu ta wayi gari ba ta da shafi goma da za ta ɗora a gaban mai ɗaukar aiki ta ce nata ne.

Mun daɗe muna koya wa ɗalibai tarihin Abubakar Imam ba tare da mun lura da wannan fuska tasa ba sai a ranar. Malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙaga labarai ta 1933. Ruwan Bagaja ne ya gabatar da shi ga East, shi ya sa aka nemi aronsa zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, kuma daga nan ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Wato dai rubutu ne ya nemo masa aikin rubutu. Bambancin kawai shi ne, a zamanin Imam masu rubutun boko 'yan ƙalilan ne, har East ne ke yawo gari-gari yana neman su. A yau editan da ke zaune a Abuja ko Kano ba zai hau motar Mubi ya zo cigiyar kowa ba. Abin da zai iya yi bai wuce ya buɗe wayarsa na minti uku tsakanin wani aiki da wani ba, kuma a cikin minti ukun nan ne za a yanke wa yarinya hukunci.

Sai muka ɗauko takarda da biro muka zauna tsara abin da muka ga ya dace a kira rumbun rubutu, wato wuri guda a intanet inda marubuci zai tara zaɓaɓɓun ayyukansa, da sunansa, da hanyar samunsa.

Gardamar farko a kan yawa aka yi ta. Ita tana son ta zuba duk abin da ta iya tsamowa, har da wani dogon labarin soyayya mai babi sittin wanda masu karatunta suka fi so. Muka hana. Mai tallar goro ba ya juye huhu a kan faranti. 'Yan ƙwarya yake zaɓa ya jera, ya yayyafa musu ruwa. Muka tsaya a kan guda shida, kuma kowanne da aikin da zai yi: gajeren labari ɗaya, rahoto ɗaya a kan cinikin shanu a kasuwar Mubi wanda za ta je ta gani da idonta ta rubuto, hira ɗaya da wata tsohuwar unguwarzoma, fassara biyu daga Ingilishi da aka jera kowacce gefe da gefe da asalinta domin mai dubawa ya auna da kansa, sai kuma rubutun minti biyar irin na karantawa a rediyo. Dogon labarin nan babi ɗaya kawai muka yarda a ɗauka daga cikinsa, shi ma daga baya muka cire. Ta ji zafin wannan, ba ta dai ce komai ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan Hausar kanta. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san Hausarmu ta kasuwa ce da makaranta, an ɗora ta a kan Fulatanci da Njanyi da sauran harsunan gida. Ba mu cika damuwa da bambanta jinsi ba. Yaro a Maiha zai ce "mace ya zo" ko "motan ya lalace", ba wanda zai ɗaga kai. Mu kanmu sai da muka sha dariyar abokan karatu a shekararmu ta farko a jami'a kafin harshenmu ya miƙe. Da muka bi rubutun yarinyar da jan biro, sai ga irin wannan a kusan kowane shafi, ga kuma rashin ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, ga haɗe "ba ta" da "ta ce" a matsayin kalma guda, irin rubutun waya. Edita ba zai karanta sakin layi na biyu ba in ya ci karo da waɗannan a na farko, kuma ba za mu ga laifinsa ba, domin gyaran da zai biya ta ta yi ne ya ga ba ta iya ba. Amma da ta ce to bari ta goge duk wata alamar Adamawa daga labarin, nan ma muka ƙi. Muka raba: bakin mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa sau da ƙafa, bakin taurarin labari kuwa a bar su su yi magana yadda mutanen Belel da Sorau ke yi. Masu rubutu da Hausar Kano sun fi a ƙirga. Wanda zai iya kawo muryar bakin iyaka, ya kuma nuna cewa da gangan ya kawo ta ba don kuskure ba, shi ne ba a samu ba.

Maganar inda za a ajiye rumbun ba ta ɗauke mu lokaci ba. Akwai wuraren buɗe shafi kyauta irin su WordPress, kuma sun isa. Sharaɗin da muka kafa mata shi ne kada ta sake amincewa da wuri ɗaya. Marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a OkadaBooks, aka wayi gari a 2023 kamfanin ya rufe. Kowane rubutu a sa masa kwanan wata, a ajiye kwafi a akwatin imel, a kuma buga wani a takarda a ba mu mu tafi da shi ofis.

Sai aka zo kan suna, a nan ne muka gane abin da ya sa ta yi shiru a bakin tabarma. Rumbun da ba suna a kansa ba ya samo wa kowa aiki. Ita kuwa mahaifinta bai san tana rubutu ba, kuma an tarbiyyantar da ita, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, a kan cewa yabon kai jahilci ne, mutumin kirki ba ya cewa "ni ne na yi". Da muka ce ta rubuta layi biyar na gabatar da kanta, sai ta rubuta cewa ita ba kowa ba ce, ɗaliba ce mai koyo, tana neman afuwa a kan kurakurai. Muka karanta muka yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya, don mun tuna haka muke buɗe kowace takarda da muke gabatarwa a taron ƙara wa juna sani. A al'adarmu maroƙi ne ke faɗin ko wane ne mutum, shi kuma ya sunkuyar da kai. Amma fa al'adar nan ita ce ta bai wa ɗan dambe da maharbi damar su shiga fili su yi wa kansu kirari, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya, saboda kowa ya san yanzu za a gwada. Muka ce mata abin da ake nema bai ma kai kirari ba. Ta faɗi sunanta, da abin da ta karanta, da harsuna huɗun da take ji, da irin aikin da take iya yi, ta tsaya nan. Ba "fitacciya", ba "haziƙa", ba kuma neman afuwa. Hoto ta ce ba za ta sa ba, muka ce ba dole.

Mahaifin nata mu muka same shi bayan sallar isha'i. Ya saurara har muka gama, ya tambaya ko akwai abin kunya a cikin rubutun. Muka ce mun karanta duka shidan, babu. Ya ce to a sa sunansa a bayan nata, kada a sa na garin.

Akwai rubutu na bakwai da ba mu ambata ba. Shafi huɗu ne a kan daren da suka bar gida a 2014, da ƙanenta a bayanta, da wanda aka bari a hanya. Shi ya fi duk sauran kyau, nesa ba kusa ba, kuma mun san edita zai tsaya a kansa. Mun tuna mata cewa labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, wato Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. A matsayinmu na malamin adabi mun so ƙwarai a sa shi a gaba. A matsayinmu na kawu kuwa mun ga akwai mutane a cikinsa da ke raye, ana haɗuwa da su a masallaci da kasuwa, kuma ko an sauya sunaye duk ɗan garin zai gane su. Ta ce, "Kawu, wannan ba na neman aiki ba ne." Ba mu sake tayar da maganar ba, ko da yake har yanzu ba mu tabbata wane ne ya yi daidai tsakanin malamin da kawun ba.

Ranar da za mu koma, ta rako mu bakin hanya inda ake shiga motar Mubi. Muna ƙoƙarin sa jaka a but sai ta ce, "Kawu, ku ina naku rumbun yake, in duba in ga yadda ake yi?" Muka ce direba yana jira. Gaskiyar magana ita ce waƙoƙinmu da gajerun labaranmu na shekara ashirin suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin ofis, wasu ma a cikin tsofaffin fitowar wannan mujalla da ko mu ba mu da kwafinsu.

Bayan mako uku ta turo mana adireshin shafin. Mun sami ƙugiya biyu da suka faɗi a rahoton kasuwar shanu, muka nuna mata ta gyara, sa'an nan ta aika wa masu ɗaukar aikin. Zuwa ranar da muka miƙa wannan rubutu ga editan mujalla, ba su amsa ba tukuna.