Tarwaɗa ba ta san maƙwabci ba

Samari da dama a Badagishiri sun fara sha'awar kiwon kifi a kwami. Ni dai shawarata ɗaya ce: kada ku haɗa manyan tarwaɗa da 'ya'yan karfasa. Duk abin da ya shige bakin tarwaɗa abinci ne, har ƙannenta, shi ya sa masu kiwo ke ware manya daban, ƙanana daban. Na ga abokina ya zuba kuɗin da ya tara duk hutu a kwami ɗaya, kullum kifin na raguwa, ba ko gawa. A tafkin Tabalak ƙaramin kifi na da ciyawar ɓuya. A kwami fa, ina za shi? Kafin ka haɗa su, ɗan'uwa, dubi girman baki.