Kaza da Ƴaƴanta

A wata lacca kan ilimin taurari da na saurara a Birnin Ƙonni, malamin ya kashe fitila, ya haska hoton Kaza da Ƴaƴanta a jikin bango, ya ce hasken da muke gani yau ya baro su shekara wajen 440 da suka wuce. Wani dattijo a gefena ya gyara zaman hularsa, ya ce a hankali, “Ikon Allah.” Taurarin nan dai su ne manoma, daga Malbaza har Illela, suka daɗe suna duba don sanin kusantowar damina, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa tsohon labari suke karantawa ba. Hasken yana kan hanya lokacin da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari daga Katsina, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yana kan hanya aka yi jihadin 1804. Ko ranar da ke gasa mu a watan Afrilu, sai haskenta ya yi tafiyar minti 8 kafin ya taɓa goshinmu. Na yi ta tunanin yadda mutane ma haka muke da juna. Maganar da kakata ta faɗa mini ina yaro, wadda na ji da kunne kawai, sai yanzu da furfura ta fara fito mini take isowa zuciyata. Ina kuma tambayar kaina me nake faɗa wa ƴaƴana yau da ba zai riske su ba sai bayan raina.