Duniyar Gobe a Wani Zaure a Gyallesu

Ranar Asabar bayan la'asar mai Keke Napep ya sauke ni a Gyallesu. Ga wanda bai san Zariya ba, unguwar tana ɓangaren Tudun Wada ne, kuma makarantu ne maƙwabtanta. Ga tsohuwar Kwalejin Ilimi da aka buɗe a 1962, wadda wasu tsofaffi har yau ATC suke ce mata, ga kuma Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello inda ake karatun lauya. Shi ya sa duk lungun da ka bi sai ka yi kiciɓis da ɗalibi riƙe da takardu, ga shagunan fotokwafi da na cajin waya, ga masu suyar awara a bakin hanya.

Gidan yayata na nufa, da kwamfuta a jaka. Na yi wa 'ya'yanta alkawarin fim, su kuma sun gayyato abokansu. Da na shiga zaure na ƙirga kai goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan sakandare irinku. Kakarsu, Hajiya, ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa, wai ita iska ta fito sha.

Fim ɗin katun ne mai suna World of Tomorrow, wato Duniyar Gobe. Wani Ba'amurke, Don Hertzfeldt, ya fitar da shi a 2015, tsawonsa kamar minti 17 kacal. Ya ci babbar kyautar gajerun fina-finai a bikin Sundance, ya kuma shiga takarar Oscar a 2016, sai dai wani fim daga ƙasar Chile, Bear Story, ya kayar da shi. Da Turanci ake magana a ciki, don haka ni na zama mai fassara, irin na fina-finan Indiya, ina tsayarwa ina bayani.

Ko minti ɗaya ba a yi ba aka fara ƙorafi. "Kawu, wannan ne fim ɗin? Ai ƙanena na firamare ya fi shi iya zane!" Ba ƙarya ya yi ba. Mutanen fim ɗin kai ne kamar ƙwallo, hannu da ƙafa kamar tsinken tsintsiya. Na ce ya yi haƙuri.

Labarin wata ƙaramar yarinya ne, Emily. Wata mata ta kira ta daga shekara 227 nan gaba, ta ce ita kwafinta ce. A zamaninsu idan mutum ya kusa mutuwa sai a yi masa sabon jiki irin nasa sak, a juye masa tunaninsa a ciki, kamar yadda kuke tura hotuna daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Ta janyo yarinyar zuwa zamaninta tana nuna mata abubuwa, ita kuwa yarinyar shirmenta kawai take yi, tana kiran sunayen launuka. Shirmen ma na gaske ne: mai fim ɗin ya naɗi muryar 'yar 'yar'uwarsa mai shekara huɗu tana wasa, sannan ya gina labarin a kan surutunta.

Inda zauren ya yi tsit shi ne wajen maganar talakawa. A duniyar fim ɗin masu kuɗi ne ke samun sabon jiki. Marasa hali kuwa sai su biya kuɗin tafiya mai araha don su tsere zuwa wani zamanin, na'urar ta yi kuskuren lissafi ta watsa su sararin sama, gawarwakinsu su riƙa faɗowa da dare suna ci da wuta kamar taurari masu gudu. Yarinyar tana murna wai ta ga taurari. Wani ɗan aji shida da ke zaune kan turmi ya girgiza kai ya ce, "Wato ko a gobe ma talaka motar lodi zai hau."

Da aka gama, gardama ta kaure. Wanda ya raina zanen bai sauka daga bakansa ba: babu faɗa, babu jarumi, babu mugu, shi da alƙali ne ko takarar ba zai bari ya shiga ba. Wani ya ce labarin ba sabo ba ne, ai a Islamiyya sun karanta Ashabul Kahfi da suka yi barcin shekara 309, suka farka da tsohon kuɗi a hannu. Aka ce masa su gaba suka yi, ba su koma baya ba. Ni ma na tsoma baki na ce tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi yawo a sararin samaniya, kuma a nan Zariya aka buga shi. Babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na ji haushin wannan fiye da yadda na nuna.

Sai na tambaye su, da za a ba kowa na'urar, ina zai nufa? Ɗan aji shidan nan ya ce wata uku kawai yake so a tura shi gaba, ya leƙo tambayoyin WAEC ya dawo. Biyu suka zaɓi zamanin Sarauniya Amina, su ga yadda aka gina ganuwa. Babu wanda ya zaɓi jiya ko shekaranjiya.

'Yar yayata ta fari, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ita ta dawo da mu kan abin da duk muka tsallake. Ta ce, "Kun manta abin da ya kawo matar?" A fim ɗin saura kwana 60 wani dutse daga sama ya faɗo wa duniya. Matar ta ga wata, ta ga ƙarshen sararin sama, amma ba dukiya ta zo nema wurin yarinyar ba. Tunani guda ta zo karɓa, wanda ya ɓace mata garin juye-juye: ranar da yarinyar ke tafiya tare da mahaifiyarta. A ganina wannan yarinya ita kaɗai ta kalli fim ɗin, mu sauran zane muka kalla.

Hajiya da muka ɗauka gyangyaɗi take yi ta ce, "Ni ban ga abin mamaki ba. Ni ma daga wani zamanin na zo." Aka fashe da dariya. Ta nuna bakin titi da carbinta, ta ce inda shagon cajin nan yake, a tasowarta dawa ake nomawa, ta fi mutum tsayi.

Jikar ta matso kusa da ita. "Hajiya, ke kina tuna tafiya da mahaifiyarki?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce tana tuna wata rana da damina, sun dawo daga cikin birni ta Ƙofar Doka, ruwa ya kama su, uwar ta lulluɓe ta da mayafinta mai ƙamshin daddawa. Fuskar ce, in ji ta, ta fara gagarar ta.

Aka kira magariba, samarin suka watse neman buta. Na naɗe wayar caji na fito, na bar jika tsugune gaban kaka tana tambayar launin mayafin.